Shekarar da Na Tura Aikina Ƙarshen Layi

Akwai labarin da kuka tashi kuna ji a bakin kakarku Inna, Allah ya jiƙanta, cewa wai ubanku ya sadaukar da shekara guda ta karatunsa don manoman ƙasarmu su sami irin shuka a kan kari. Ta ba da shi a gidan suna, ta ba da shi a gidan biki, har ke Maryam kika rubuta shi a makaranta aka yaba miki. Ban taɓa gyara mata ba tana raye. Yanzu ba ta nan, ni ma furfura ta gama kaina, to gara ku ji yadda abin ya kasance daga bakina. Rabin labarin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi zan rubuta a nan, kuma ya shafi Baffanku Idi fiye da yadda ya shafe ni.

A ɗakin Inna maza biyu ne suka rayu, ni da Idi, na girme shi da shekara uku. Gonakin Baba irin na ƙasarmu ne ta bayan Minjibir, inda ta wani ta ƙare nan ta wani ta fara, babu saura babu daji, sai gawo da kuka da ɗorawa jefi-jefi. Ƙasa ce da ba a barinta ta huta, saboda haka ba ta ba mutum komai sai ya yi mata hidima. Tun rani ake jigilar taki a kan jaki, in ruwa ya sauka kuma shuka da noman farko da maimai suna bin juna ba numfashi. Baba shi kaɗai ba zai iya ba, kuma bai ɓoye mana haka ba. Tun ina ƙaramar sakandare ya tara mu a zaure ya yanke magana.

"Ɗaya ya tafi, ɗaya ya tsaya. In na farko ya dawo da takarda, na biyu ya ɗauki jaka. Ba zan sallami hannu huɗu a damina ɗaya ba."

Ni na fara tafiya domin ni ne babba. Na shiga kwalejin koyon aikin gona, Idi ya tsaya. Ya gama sakandarensa yana kai da komo tsakanin aji da kunyar gona, ya zauna jarrabawa, a shekarata ta ƙarshe aka ba shi gurbi a wata makaranta. Takardar ta ce gurbin na wannan shekarar ne kawai. Ni kuma an yi mini alkawarin aikin malamin gona a wata tashar gwajin iri da ke kusa da mu, tafiyar rabin awa a keke, inda zan riƙa kwana a gida ina taya Baba. Komai ya yi daidai, sharaɗi ɗaya ne: in gama a wannan shekarar. Abin da ya rage mini kuwa shi ne aikin bincike na ƙarshe, wanda wani malami daga waje yake zuwa sau ɗaya a shekara ya duba. Wanda bai miƙa nasa ba kafin ranar, sai baɗi.

A wannan tashar aka tura ni yin binciken. Mutanenmu Gonar Gwaji suke kiranta. Akwai ɗaki guda a can mai taga ɗaya da labule, a cikinsa kwamfuta ɗaya, ita kaɗai ce a duk yankin. Ba irin taku ba ce. Babu hoto, babu abin taɓawa da yatsa, baƙin allo ne da koren rubutu, ka buga umarni ta amsa maka da layi ɗaya ko biyu. An haɗa mata allo uku don mutum uku su iya zama, amma ƙwaƙwalwarta guda ce. Janareta ne ke riƙe ta, in ya huta manyan batura su karɓa, domin wasu ayyukan suna kwana da kwanaki suna tafiya, in aka kashe sai a koma farko. Mai kula da ita wani dattijo ne da ake kira Injiniya Bala. Shi kaɗai yake da babbar kalmar sirri wadda ke buɗe komai, mu kowa da tasa ƙarama, wadda iyakarta aikin mai ita.

Nawa binciken a kan lokacin shukar gero ne. Na tattara bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa daga tsofaffin littattafan tashar, na shigar da su da hannuna har wata biyu, sannan na sa kwamfutar ta gwada kowace ranar shuka da kowace damina. Aikin mako biyu ne cur in ita kaɗai take yi masa. Na kunna shi na zauna ina gadi. A lokacin ni mutum ne da ba ya magana sai an tambaye shi, in an tambaye ni ma sai na duba ƙasa tukuna. Amma ina da littafi mai baƙin bango da nake kwafe komai a ciki, kowane umarni da ma'anarsa, da jan biro a ƙarƙashin abin da ya fi muhimmanci. A tashar an san ni da cewa ba na kuskure, kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan sunan ya fi mini komai daɗi.

Injiniya ne ya taɓa yi mini bayanin yadda kwamfutar ke raba kanta tsakanin ayyuka. Ya ce in ɗauka mai injin niƙa ne da kwanuka a gabansa, amma maimakon ya gama da ɗaya ya kama wani, sai ya riƙa ɗiban tafi ɗaya daga kowane kwano yana zagayawa. Kowane aiki yana da lambarsa ta shaida, yana kuma da wata lamba da shi Injiniya yake kira lambar haƙuri. Kowa da sifiri yake farawa, rabo daidai. In aka ɗaga lambar haƙurin aiki, sai mai niƙan ya riƙa tsallake kwanonsa yana yi wa sauran. Ƙarshenta goma sha tara, mai wannan lambar ba a waiwayarsa sai in ba kowa. Umarnin da ake canja ta da shi alhali aikin yana cikin tafiya sunansa renice. Na buɗe bayaninsa a allo na fara kwafewa a littafina. Na yi shafi ɗaya da rabi aka kira sallar La'asar, na rufe na tashi. Da na dawo na ga ai na riga na ɗauki abin da ake bukata, ban koma ba.

Aikina yana kwana na goma ruwa ya sauka, ranar Litinin da yamma, ruwa mai ƙarfi wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Ya riga lokacin da ake tsammaninsa. Ranar Talata da safe Malama Rabi ta shigo ɗakin, laka har gefen zanenta. Ita ce mai kula da rabon iri, mace mai murya da ba ta san jira ba. A shekarar tashar za ta raba wa manoma irin gero da wake mai saurin nuna, amma mai sito ba ya sakin ko tiya ɗaya sai da takarda mai sunan manomi da ƙauyensa da nau'in da ya dace da ƙasarsa, kuma kwamfutar ce ke tace sunayen ta fitar da takardun. Motar da za ta kai irin ƙauyuka ranar Alhamis da safe za ta zo, daga nan ta wuce wajen Tsanyawa, ba za a sake ganinta ba sai bayan mako biyu. Ta kunna aikinta, ta tsaya tana kallon allo, ta ƙirga da yatsu.

"Nuhu, me ya sami abin nan yau? Bara kwana biyu ya yi. Wannan tafiyar ai sai Asabar."

Na ce mata nawa aikin ne yake cin rabin ƙarfin.

"To ina Injiniya?"

Na ce ya shiga Kano yin allurar alhazai, domin a shekarar zai sauke farali.

"Innalillahi. Ƙasa ta jiƙu, mutane na zaune da sungumi a hannu. In laimar nan ta tafi wa ya san ranar da wani ruwan zai zo? Kashe naka mana, ka sake daga baya."

Na ce in na kashe kwana goma sun tafi. Ta dube ni, ta dubi allon, ta yi tsaki ba da ni ba, ta fita neman direban tashar ko zai bi Injiniya Kano. Ni kuwa na buɗe littafina. Na duba lambar shaidar aikina sau biyu, na buga umarnin, na tsaya a kan lambar haƙurin. Da biyar na sa ko goma, da aikina ya ci gaba da samun ɗan rabo. Amma ni in zan yi abu ina son in kai shi ƙarshe, sai na buga goma sha tara. Kwamfutar ta amsa da layi ɗaya: tsohuwar lamba sifiri, sabuwa goma sha tara. Na duba jerin ayyuka, na ga na Malama Rabi ya hau sama ya ɗauke kusan komai. Da ta dawo ba ta sami direba ba, ta tarar abin yana gudu.

"Me ka yi masa?"

"Na ce nawa ya jira."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ashe kana magana."

To a nan nake so ku lura. Ban ba da shekara ba. Kwana biyu na bayar, aro kuma, da niyyar ranar Alhamis in mayar da lambata sifiri in ci gaba. Na yi lissafi kafin in buga. Sauran aikin kwana huɗu gare ni in ni kaɗai ne. A jadawalin da ke manne a bango, ranar Alhamis wasu ɗalibai biyu daga birni za su kunna nasu manyan ayyukan, mu zama uku, kwana huɗun su koma sha biyu. Malamin waje kuma sauran kwana sha shida. Akwai sarari. Ban ji ko ɗar ba.

Ranar Laraba da hantsi Injiniya ya shigo da fararen kaya da 'yar jaka. An kira jirginsu a rediyo, an ce su hallara a sansanin alhazai kafin Azahar. Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana neman gafara. Ya dafa kafaɗata.

"Malam Nuhu, akwai abin da kake bukata a wurina kafin in tafi?"

Na ce babu, sai addu'a. Ya tafi da babbar kalmar sirrin a kansa, domin amana ce a wurinsa, bai taɓa rubuta ta a takarda ba. Lokacin babu wayar hannu, wanda ya tafi hajji ya tafi ke nan sai an ga dawowarsa.

Alhamis da sassafe firinta ta gama kukanta, Malama Rabi ta kwashe takardunta, mota ta ɗauki iri ta tafi. Na zauna na buga umarnin da sifiri. Kwamfutar ta amsa da Turanci cewa ba ni da izini. Na ɗauka kuskuren bugu ne, na sake. Na gwada goma. Na gwada sha takwas, ko taki ɗaya ne in dawo. Amsa ɗaya. Sai na buɗe bayanin nan da na bari a rabi, na gangara ƙasa. A can ƙarshe, layi uku bayan inda na tsaya, an rubuta cewa mai ƙaramar kalmar sirri yana iya ɗaga lambar haƙurin aikinsa amma ba ya iya sauke ta, ko da shi ne ya ɗaga. Sai mai babbar kalma. Na karanta shi ya fi sau biyar. Sannan na ɗauko jan biro na kwafe shi a littafina na ja masa layi, kamar hakan zai yi wani amfani.

Kafin Azahar 'yan birnin suka iso, Kabiru da abokinsa. Karatunsu ya fi nawa nisa, ayyukansu na fiye da wata guda ne, kuma ba a neman su sai bayan kaka. Kabiru dogo ne mai fara'a da yawan tsokana, yana zuwa a babur, yana sa takalmi sau-ciki ko a cikin laka. Ba mugu ba ne, wannan ma ina so ku sani. Amma tun ranar farko ya raɗa mini suna.

"Farfesan ƙauye! Yaya littafin? An kai juzu'i na nawa?"

Suka kunna nasu. Na duba jeri, nasu biyu sun raba kwamfutar, nawa yana can ƙasa yana samun abin da bai kai a ambata ba. A wannan tafiyar ko wata shida ba zai gama ba. In na kashe na sake daga farko da sifiri, mako biyu sau uku ke nan, malamin waje ya daɗe da tafiya.

Amma akwai mafita, kuma na gan ta tun a wannan yinin. In Kabiru da abokinsa suka ɗaga tasu lambar zuwa goma sha tara, mun koma daidai, rabo uku kamar yadda jadawali ya tsara tun farko, ba su rasa komai ba. Ko kuma su dakatar da nasu na kwana huɗu, akwai umarnin yin haka ba tare da aiki ya lalace ba. Ni ba ni da ikon taɓa nasu, su ne za su buga da hannunsu. Layi ɗaya kowannensu. Abin da ake bukata kawai in buɗe baki in ce na yi kuskure, ku taimake ni.

Na rubuta maganar a bayan littafina. Na gyara ta sau uku, na cire kalmar kuskure, na mayar. A kan keke da safe nakan maimaita ta tun daga ƙofar gida har ƙofar tashar. In na shiga ɗakin sai in tarar suna dariya, Kabiru ya juyo.

"Farfesa, ka ga yadda injin nan ke gudu kuwa? Wallahi da Injiniya ya tafi ta sami lafiya. Ko kai ka yi mata tofi?"

Sai in yi murmushi in zauna. In ce bari su gama dariyar. In ce bari abokin ya fita, ya rage Kabiru shi kaɗai. In abokin ya fita, in ce bari ya dawo kada in faɗa sau biyu. Abin da nake gani a idona shi ne Kabiru yana ɗaga littafin nan nawa sama yana cewa, jama'a ku zo ku ga Farfesa ya kulle kansa a ɗaki ya jefa makulli ta taga. Ban san ko zai faɗi haka ba. Ban ba shi dama ba.

Akwai ranar da suka fita cin ɗanwake a bakin titi suka bar allonsu a buɗe, da sunansu a ciki. Na tashi na zauna a kujerar Kabiru. Na san lambar aikinsa, na san umarnin, ba zai taɓa lura ba sai ya duba da kyau. Na ɗora yatsuna a kan madannai. Sai na ga ai wannan shiga gonar mutum ne ba ya nan, na tashi na koma wurina. Na daɗe ina yaba wa kaina a kan wannan. Daga baya na gane sata na ƙi yi, amma roƙo ma na ƙi yi, kuma na biyun ba tsoron Allah ne ya hana ni ba.

A gida kuwa labari ya riga ni isa. Irin ya zo ƙauyenmu ranar Juma'a, an shuka da sauran laima, kuma Malama Rabi ta faɗa a gaban mai unguwa cewa ɗan Malam Sale ne ya ja da baya aka sami takardun. Mata suka riƙa shigowa yi wa Inna barka. Ta dama fura da nono mai yawa ta ajiye mini.

"Sha, ɗan albarka. Yau Hajiya Uwani matar mai unguwa da kanta ta tako gidan nan. Ta ce ashe shiru-shirun nan naka ba banza ba."

Baba kuwa ba wannan ne a gabansa ba. Ya tambaye ni abu ɗaya muna wanke hannu.

"Aikin naka fa, yana nan kan lokaci?"

"Yana nan, Baba."

Idi yana gefe yana gyara ƙotar fartanya. Ya riga ya sayi akwatin ƙarfe a kasuwar Minjibir, ya sa an rubuta sunansa da farin fenti. Ya ɗago ya ce:

"Yaya, ka dai yi sauri. Na gaji da ganin bayan jakin nan."

Aka yi dariya, har da ni.

Haka kwanakin suka wuce. Ko a makon ƙarshe da na yi magana da an tsira, domin kwana huɗu kawai nake nema. Malama Rabi ma ta leƙo sau biyu ta tambaye ni, kuma ita da na gaya mata da ta tsaya a kan Kabiru har sai ya buga. Na ce mata lafiya lau. Yanzu ga kuskure, ga kuma yabon da na riga na karɓa na sha da fura, abin ya zama biyu. Ranar da malamin waje ya zo na je kwaleji da babi uku, babu sakamako. Ya juya takardun, ya ce aiki mai tsabta, ina ƙarshensa? Na ce yana cikin kwamfuta. Ya ce to Allah ya kai mu baɗi. Doka kuma ta ce mai maimaitawa sai ya sake rajista ya zauna a makaranta.

Da na gaya wa Baba, na ce ne kawai na ba da wuri don rabon iri, aikin bai ƙare ba. Ba ƙarya a ciki, shi ya sa ta fi ƙarya muni. Ya ja carbinsa. Ya sa aka kira Idi.

"Wanda ya fara shi zai ƙarasa. Ba a barin gini an kai ga linta a koma haƙa wani tushe. Idi, ka ƙara haƙurin shekara."

"Baba, takardar ta bana ce kawai."

"Wanda ya ba ka bana zai ba ka baɗi."

Inna ta ce daga bakin ƙofa:

"Ai don jama'a ya yi, Idi. Ladan har kai."

Idi ya ce to, ya tashi ya ɗauki fartanya.

Injiniya ya dawo da haƙorin Makka da dabino. Na gaya masa a tsaye, shi kam ban ji nauyinsa ba tunda komai ya riga ya wuce. Ya zauna, ya shiga da babbar kalmarsa, ya buga layi ɗaya. Kabiru yana wurin, ya ji komai. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Don wannan ka rasa shekara? Nuhu, kullum muna zaune ɗaki ɗaya. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Wannan ce rana ta farko da ya kira ni da sunana.

Baɗin da Baba ya faɗa bai zo wa Idi ba. Na gama, an ba wani aikin tashar tun tuni, ni aka tura ni nesa. A wannan ranin gwiwar Baba ta kumbura, bai sake sunkuyawa a kunya ba har ya koma ga Allah. Babu wanda ya ce wa Idi kada ya sake zama jarrabawa, shi ne bai sake ba. Ya riƙe gonakin, ya fara kai wake kasuwar Dawanau buhu biyu buhu uku, har ya zama Alhaji Idin da kuka sani, mai rumfa da motoci. Kuna ganin ya fi ni komai, kuma haka ne. Shi ya sa ba wanda ya taɓa tambaya ko abin da ya so ke nan.

Bara bayan sallar layya na same shi a rumfarsa da hantsi, ya sallami masu awo, na gaya masa duk abin da na rubuta muku a nan, ban rage ba. Na ɗauka zai ce ya daɗe da sani. Bai sani ba. Ya daɗe yana juya ƙwayar wake a tafin hannunsa.

"Wannan roƙon da za ka yi musu, minti nawa zai ci?"

"Bai kai ɗaya ba."

"Kuma mutumin zai yarda?"

"Zai yarda."

Ya jefa ƙwayar cikin buhu. Ya kira mai shayi, ya sa aka haɗa mana biyu, nasa ba sukari. Muka fara sha. Na ce masa ina so in rubuta wa yara, in bai yarda ba in bari.

"Rubuta mana. Kai dama rubutu ka iya." Ya kurɓi shayin. "Amma ka sa abin da na so in karanta. Yaran nan, naka da nawa, gani suke da buhu a kai aka haife ni."

Na ce masa in ya yafe mini in sa wannan ma.

"Wannan kuma ka bari tukuna, Yaya. Shekara talatin ka ɗauka kafin ka faɗa. Ni ma ba ni ɗan lokaci."

To ga abin da ya ce in sa. Baffanku aikin safiyo ya so ya karanta. Tun yana ɗan shekara sha biyar, in rigimar iyaka ta tashi a ƙauyenmu, shi dattawa ke kira ya zo da igiya da turaku ya auna, kuma ba a taɓa tashin awonsa ba. A jarrabawar shiga makarantar, lissafinsa ya fi wanda na taɓa ci a rayuwata.